Ɗakin Miliyan Ɗaya da Uku

Wata la'asar a ƙarshen damina ta shekarar 2014, ina tsugune a tsakar gidanmu na unguwar Rumde ina ɓarar gyaɗar da aka kawo daga gonar Mbamoi, sai na ji sallama a zaure da wata murya da ta dushe har ban gane mai ita ba. Dada, mahaifiyata, ita ta gane. Ta saki muciya a cikin tukunya ta fita da gudu, ko mayafi ba ta ɗauka ba. Ƙanwarta ce, wadda muke kira Yapendo, ta iso daga Mubi da 'ya'yanta uku bayan masu bindiga sun shiga garin. Ƙafafunta sun kumbura sun tsattsage. Habiba, sa'ata, tana rungume da wata tsohuwar buta kamar ita kaɗai ce dukiyarsu, Usmanu yana ɗauke da ƙunshin zannuwa a ka, ƙaraminsu Sadiƙu yana goye ya gaji da kuka ya yi shiru. Mijin Yapendo ya rabu da su a daji, ba wanda ya san inda ya nufa. Matan gida suka kewaye su, mai kuka na yi, mai salati na yi, wata ta ruga ta damo kunun gyaɗa. Ana cikin haka sai labulen ɗakin da ke kusa da rijiya ya ɗaga, Bappa Hammadu ya leƙo, hannunsa fari fat da alli, ya ce a rage surutu don yana tsakiyar rabawa. Ya saki labulensa. Shekarata goma sha biyu a lokacin, kuma daga ranar na raina mutumin nan, ban daina ba har yau.

Bappa Hammadu yayan mahaifina ne, shi ne babba a gidan gadon da muke zaune. Ya yi aikin gwamnati a Jimeta har ya yi ritaya, kuma duk tsawon aikinsa ban ji wani ya ce ga abu ɗaya da ya gyara ba. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun watse birane, ba mai ɗokin zuwa gaishe shi. Ɗaki biyu gare shi. Ɗaya yana kwana, ɗayan kuwa, wanda ya fi kowane ɗaki a gidan faɗi da iska, shi yake kira ofis. Kullum da safe sai ya yi wanka, ya saka kaftani mai guga, ya soke biro biyu a aljihu, ya kafa tabarau a karan hanci, ya yi taku daga wannan ƙofa zuwa waccan yana gyaran murya, wai ya tafi aiki. Samarin unguwa suna kiransa Farfesa don tsokana, shi kuwa yana amsawa da ɗaga hannu, bai taɓa gane dariya ake yi masa ba.

Aikin nasa lamba ce guda ɗaya: miliyan ɗaya da uku. Ya ji a rediyo cewa akwai lambobin da ba sa rabuwa daidai sai da ɗaya ko da kansu, kuma masana a ƙasashen waje suna farautar manyansu. Shi ke nan, ya ɗaura aniyar kamo tasa, don a sa mata sunansa. Miliyan ita ce lamba mafi girma da yake ganin mutuncinta, sai ya fara daga nan. Miliyan ɗaya da ɗaya ya fara gwadawa, ta ba shi kunya, ɗari da ɗaya ta raba ta tsaf ba saura, ya yi kwanaki yana fushi da kowa har da awaki. Miliyan ɗaya da biyu ko kallo ba ta ishe shi ba, tun da biyu ma tana raba ta. Sai ya dira a kan miliyan ɗaya da uku, ya shiga raba ta da kowace lamba bi da bi, biyu, uku, huɗu, biyar, ba ya tsallake ko ɗaya. Dogon lissafin a daɓen ƙasa yake yi da gawayi, in ya gama ya share. Sakamakon kuwa a bango yake rubutawa da alli, ƙanana-ƙanana kamar sawun kiyashi: ga lambar da ya raba da ita, ga abin da ya yi saura. Gara ta taɓa cinye masa takardu, tun daga nan ya daina yarda da takarda. Ya sa aka shafe bangon da baƙin fenti, ya mai da ɗaki guda allon makaranta.

Mu yaran gida mu ne masu sauraron laccarsa na dole. Bayan la'asar, lokacin da 'yan'uwanmu suke waje suna 'yar gala-gala da carafke, sai ya tara mu a bakin ƙofa, ba a shiga, ya tsaya daga ciki da sanda yana nuna mana bango. Ya kasa lambobi gida-gida kamar mai rabon unguwa. Akwai cika, akwai mara. Cika a wurinsa talakawa ne, kowa ya zo ya raba su biyu ya wuce. Masu ƙarewa da biyar ko sifili 'yan kasuwa ne, ba su da sirri. Waɗanda in ka tara ƙwayoyinsu uku ta raba, ya ce munafukai ne, suna kama da masu tauri alhali a ciki a rabe suke. Akwai kuma masu dangi da yawa, irin su sittin, da biyu da uku da huɗu da biyar da shida duk suna da rabo a jikinta, waɗannan su ya fi tsana. Tasa lambar mara ce, ba ta ƙare da biyar ba, ƙwayoyinta in an tara huɗu ne, uku ba ta da hanya a kanta. "Ba ta da dangi, ba ta neman kowa, ba mai cin komai a jikinta," haka yake faɗa yana lumshe ido. Abin da ya fi burge shi shi ne in ya raba ta da bakwai saura huɗu, da tara saura huɗu, da goma sha ɗaya saura huɗu, da goma sha uku ma saura huɗu. Ya ce wannan ishara ce. Ishara ta mene ne, bai taɓa faɗa ba. Mu dai muna gyaɗa kai muna duban rana, muna lissafin ko za mu samu sauran wasa kafin magariba.

Abu ɗaya na alheri da na taɓa ci daga lissafin nan shi ne zakara. Tun ina aji huɗu na firamare, wata ranar Juma'a, Bappa ya fito yana murmushi, abin da ba mu saba gani ba, ya ce ya kai dubu cif, lambarsa ba ta rabu ba. Ya zagaye wurin da jan alli, ya sa aka yanka jan zakaran gidan, Dada ta yi dahuwa da tuwon masara da miyar tafasa. Ni aka ba ni wuya da ƙafa ɗaya, na tsotse su har ba sauran ɗanɗano. Da Dada ta tambaye shi ko an gama ke nan, sai ya yi dariyar nan tasa ta hanci, ya ce mata yanzu aka fara, sai ya kai rabin lambar, dubu ɗari biyar. Dada ba ta yi boko ba, amma da ta koma madafa na ji tana cewa ko jikokin jikokinsa ba za su ga ranar ba, balle bangon da zai ɗauka.

To, a cikin wannan gida Yapendo ta sauka. Mu bakwai ne a ɗaki biyu, ga kakarmu da ba ta tashi. Sauran ɗakunan na ƙannen Baba ne da iyalansu, kuma kowa ya riga ya karɓi nasa baƙin, domin a shekarar nan babu gidan da bai cika ba daga Yola har Jimeta. Makarantarmu ma benci mai cin mutum uku ya koma cin shida, wasu a ƙasa, wasu a taga. Maƙwabcinmu, wani malamin makaranta Kirista mutumin Numan, ya fitar da kujerunsa waje ya ba wasu mutanen Michika falonsa. Wani ɗan kasuwa Babarbare a bayanmu ya kwashe buhunan shagonsa ya shimfiɗa tabarmi. Mu kuwa muna da ɗaki mafi girma a layin, ba gado, ba kujera, ba kowa a ciki sai alli. Dada ta matsa wa Baba ya yi magana. Amma Baba irin mutanen nan ne da ba sa ɗaga ido su dubi yayansu, ya tafi har ƙofar ofis ya gaishe shi, ya tambaye shi gajiya, ya dawo. Sai Dada ta yafa mayafi ta tafi da kanta, ta durƙusa a bakin ƙofa, ina bayanta.

"Useni, don Allah, Bappa, ka taimaka," ta ce. "Ko na wata ɗaya ne. Mace ce da yara, zaure ba wurin kwanan mace ba ne."

Ya dube ta ta saman tabarau. "Ke kin san abin da ke bangon nan? In kafaɗar yaro ta goga, aikin shekara ya tafi. Gwamnati ta buɗe sansani, su je can mana. Ni ina kan bincike."

Dada ta tashi. Sai da muka kai bakin murhu ta ce, a hankali, "Kullum yana cewa saura huɗu, saura huɗu. To ga huɗu can a zaure."

Haka Yapendo da 'ya'yanta suka zauna a zaure. Aka rataya tsohon zane ya raba shi biyu, gefe hanya, gefe makwanci. Duk namijin da zai shiga gida sai ya yi gyaran murya, ita kuma ta ja ƙafa ta rufe fuska. Sauron Binuwai ya same su a sarari, jikin Sadiƙu ya yi ta fitar da ƙuraje. Da asuba take naɗe tabarma kafin masu zuwa masallaci su fito, ta shigo ta kama aiki ba wanda ya sa ta: shara, wanke-wanke, surfe, jan ruwa. Mace ce da take da gidanta da shagon ɗinki a Mubi, amma ta koma tana neman izini kafin ta ɗebi gishiri. In keke napep ya tsaya a ƙofar gida sai ta miƙe tsaye ta leƙa, ko mijinta ne. Duk da haka, mu yara mun ji daɗin zaman, ba zan ɓoye ba. Ni da Habiba muka zama ɗaya. Tare muke zuwa rijiyar burtsatse da jarka, tare muke bin Dada gonar Mbamoi roron gyaɗa, mu dawo a bayan akori-kura muna waƙa, bakinmu duk ƙasa. Ita ta koya mini wasan cika ko mara: ka dumbuzo gyaɗa a hannu, abokinka ya canka, sannan a jera su bibbiyu a ga ko ɗaya za ta rage. Har guntayen alli muke tsintowa a makaranta mu kawo wa Bappa, don ya sa mana doka, wanda bai kawo ba ba shi da shiga gida da takalmi. Habiba takan ɓoye mafi tsawo ta zana gidansu na Mubi a bayan banɗaki, da bishiyar mangwaro a ƙofa.

Abin ya faru ne wata ranar Asabar da hantsi. Bappa ya fita karɓar fansho, kuma ya manta bai ja ƙofa ba, abin da bai taɓa yi ba. Sadiƙu, da bai fi shekara uku ba, yana fama da zazzaɓi, ya bi inuwa ya shiga ofis don daɓen yana da sanyi. Ya kwanta a bayan ƙofa ya jingina da bango ya yi barci. Da Bappa ya dawo ya same shi, ihun da ya yi sai da maƙwabta suka leƙo ta katanga. Bayan yaron ya goge wuri kamar faɗin faranti, wajen dubu biyu da wani abu. Ya fizgo shi da hannu ɗaya ya jefo shi tsakar gida, rigar yaron fari fat. Dattijo mai furfura, mai biro biyu a aljihu, yana tsalle a kan yaro mai zazzaɓi. Ya ce an zo an cinye masa abinci, yanzu kuma za a cinye masa ilimi. Ya ce shi ya sa ba ya son lamba mai dangi. Baba yana tsaye a gindin rijiya da buta a hannu, kansa a ƙasa.

Yapendo ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki ɗanta, ta kakkaɓe masa allin, ta goya shi. Da Dada ta riƙe mata zane tana ba ta haƙuri, sai ta ce da irin Hausarsu ta can, "Adda, bari. Bango ya fi mu daraja a nan. Daji ma bai jefar da ɗana ba." Washegari da safe suka hau keke zuwa sansanin da ke bayan gari. Habiba ta bar mini guntun allinta a tafin hannu. Daga baya, da hanya ta buɗe, suka koma Mubi. Mijinta bai dawo ba har yau. Bappa kuwa ya shafe mako guda yana cike gurbin da aka goge, yana tsaki, kuma ya sa aka yi wa ofis sabon kwaɗo.

Shekaru suka wuce, na shiga kwalejin horon malamai, kuma don tsiya irin ta rayuwa lissafi aka ba ni. Wata rana malaminmu yana koyar da yadda ake gane lambar da ba ta rabuwa, sai ya faɗi wani abu a taƙaice yana share allo, kamar ba komai ba. Ya ce ba sai ka gwada har rabin lamba ba. Ka nemo lambar da in ka ninka ta da kanta za ta kai wurin, nan ne iyakarka. Dalili kuwa a fili yake: in lambobi biyu suka haɗu suka haifi taka, ba zai yiwu dukansu su wuce wannan iyaka ba, dole ɗaya ta kasance a ƙasa, kuma da ka riga ka gamu da ita a hanya. Na ɗauki biro na gwada da lambar da na haddace tun kafin in haddace karatun sallah. Dubu sau dubu miliyan ne. Dubu da ɗaya sau dubu da ɗaya ya zarce miliyan ɗaya da uku. Iyakar Bappa dubu ce. Sai jan allin nan ya faɗo mini a rai, da wuyan zakara. Ranar da muka ci zakaran nan aikin ya ƙare. Lambarsa ba ta rabuwa, gaskiyarsa, kuma ya riga ya tabbatar da haka tun ina aji huɗu, shekaru kafin Yapendo ta yi sallama a zaurenmu. Duk abin da ya rubuta bayan jan zagayen nan aikin banza ne, har da wurin da bayan Sadiƙu ya goge. Ko cikin dubun ma rabi asara ce, domin cika ba ta taɓa raba mara, abin da ni da Habiba muke gani da idonmu a wasan gyaɗa ba mu san sunansa ba. Na fita daga ajin na tsaya a bayan taga cike da takaici.

Da na zo hutu na je na sami Bappa. Ya tsufa, idonsa ya yi rauni, rubutun ya cika bango huɗu ya gangaro jikin ƙofa, har ya fara maganar a ba shi ɗakin ajiya. Na durƙusa a inda Dada ta taɓa durƙusawa, na yi masa bayani dalla-dalla. Na ciro waya na buga lambar, kafin in ɗaga yatsa amsa ta fito, na nuna masa cewa duniya ta san da ita tun kafin a haife shi, kuma a wurin masana ko cikin manya ba ta shiga. Na ɗauka zai yi shiru, ko ya tuna zaure. Sai ya ture wayar da bayan hannu ya ce, "Wannan hanyar ragwaye ce. Ni sai na gani da idona." Ya tambaye ni ko na zo masa da alli. Sunan Yapendo bai fito daga bakinsa ba, kuma na tabbata ko a ransa bai gilma ba.

Bara ya rasu. Ba a yi arba'in ba 'ya'yansa suka zo suka sa aka shafe bangon da farar ƙasa, shafi biyu, suka ba wani mai gyaran waya haya. Yanzu ina koyar da lissafi a wata makarantar sakandare a Jimeta, kuma duk shekara in na zo kan wannan darasi ina fara koya wa yara inda ake tsayawa kafin in koya musu yadda ake farawa. Ba su san dalili ba, suna ganin tsananina ne. Gidanmu na Rumde ya yi fili, yara sun girma sun tafi, ɗakuna biyu a kulle ba mai kwana. Yapendo takan zo Jimeta sarin yadi. In ta gama sai ta kira Dada a waya, Dada ta yafa mayafi ta hau keke, da ciwon gwiwarta, ta same ta a tasha. A kan bencin mai shayi suke zama su yi hirarsu har mota ta cika. Sadiƙu ya zama saurayi, shi yake ɗaukar mata kaya, yana gaishe ni da ladabi, bai tuna komai ba. Dada takan ce mata ta zo gida ko ruwa ta sha, ɗaki ga shi nan har biyu. Ita kuma ta yi murmushi ta ce sai wani zuwan. Ina kewar shekarar nan da muke cunkushe, da Habiba a gefena muna jera gyaɗa bibbiyu a bakin zaure. Ɗakin ya samu, amma Yapendo ba ta ƙara taka zaurenmu ba.